Kama Da Wane Ba Ta Wane: Cututtukan Karkarwa Da Yadda Ake Bambanta Su

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Gusau



Da farko ina godiya ga Allah da ya sake tara mu da rai da lafiya, sannan ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Lokacin da sakatare ya kira ni ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na san zatonsa zan tsaya kan fansho ko ƙarin girma, tun da a aikin gwamnati nake cin abinci. Da na ce masa maganar cuta zan yi, sai ya tuntsire da dariya, ya ce, "Kai da ka gudu daga ajin kimiyya ranar da aka feɗe kwaɗo?" Gaskiyarsa. Ni ba likita ba ne, kuma ga likitoci nan cikin 'yan ajinmu, in na kauce su dawo da ni hanya. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku shi ne, cikin 'yan shekarun nan na yi jinyar mutum biyu na jikina, na kuma raka na uku asibiti. Su ukun duka an ce cuta ɗaya ke damunsu, wato cutar Parkinson, amma a ƙarshe ba ko ɗaya daga cikinsu da aka samu yana da ita.

Na farko mahaifina ne, a Tsafe. Bayan damina ta 2021 Inna ta aiko mini cewa in zo in ga Baba. Da na je na tarar da mutumin da ke riga kowa zuwa masallaci da asuba yana jan ƙafa kamar an ɗaura masa dutse. Hannuwansa biyu suna karkarwa, fuskarsa ta daskare, ba fara'a ba fushi, maɓallin riga kuwa sai an sa masa. Masu zuwa gaisuwa kowa da tasa fassarar. Wannan ya ce tsufa ne, wancan ya ce iska ce, wata gwaggo ta ja ni gefe ta ce sammu ne daga abokan ciniki. Wani mai ɗan sanin aikin asibiti ya dube shi ya ce Parkinson ce, ba ta warkewa, ya rubuta wata ƙwaya ta rage karkarwa. Kwana huɗu da fara shan ta Baba ya rikice, ya daina gane jikokinsa, fitsari ya ƙi fita. A nan ne muka ɗauke shi zuwa Sakkwato.

Likitan da ya duba shi bai fara da hoto ko gwajin jini ba. Cewa ya yi, "Baba, waɗanne magunguna kake sha?" Baba ya ce babu, sai wadda aka ba shi kwanan nan. Likita ya juya wajen Inna, ya ce, "Inna, wannan ledar da ke hannunki fa?" Ta ce, "Ai wannan na ciki ne, ɗana, ba na wannan ciwon ba ne." Ya ce ta zazzage. A ciki akwai wata 'yar ƙwaya ta tashin zuciya da aka taɓa ba Baba ta kwana kaɗan saboda gyambon ciki, shi kuwa da ya ji daɗinta sai ya riƙa aika yaro kemis yana sayo masa, safe da yamma, har wata bakwai. Likita ya ce a daina ta, a daina ta karkarwar ma, a dawo bayan wata guda. Wallahi a hanyar komowa raina a ɓace yake, ina ganin mun kashe kuɗin mota da na masauki an sallame mu hannu rabbana. Kafin wata huɗu Baba ya koma kasuwa da ƙafarsa, kuma har yau shi ke buɗe masallacin unguwarsu.

Na biyu kawuna ne, a Bungudu. Shi ba karkarwa ya fara da ita ba, faɗuwa ce, kuma ta baya, kamar an sare itace. Cikin shekara guda sau uku ana ɗinke masa ƙeya. Sai aka lura in yana cin tuwo yana zubar da miya a gaban rigarsa, in aka miƙa masa hannu a gaisa sai ya tsaya yana kallon sama da kan mutum, har wasu suka fara cewa girman kai ya same shi da tsufa. An ce shi ma Parkinson ce, aka ɗora shi kan babban maganinta mai tsada. 'Ya'yansa suka yi shekara guda suna saye, har da sayar da gona, babu wani sauƙi. Ganin abin da ya faru da Baba, na matsa aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Likitan ya ɗaga alƙalami ya ce Kawu ya bi shi da ido kawai, kada ya motsa kai. Dama da hagu ido ya bi. Da aka yi ƙasa da alƙalami sai ido ya tsaya cik. Ashe ba ya iya duban ƙasa, shi ya sa ba ya ganin kwanon da ke gabansa, ba ya ganin dokin ƙofa, ba ya ganin hannun mai gaishe shi. Cuta ce dabam, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffa uku, PSP. Allah ya yi wa Kawu rasuwa a 2023, Allah ya jiƙansa. Zan dawo kan amfanin da sanin sunan cutar ya yi mana duk da ba ta da magani.

Na uku abokin aikina ne a nan Gusau. Shekararsa ba ta kai 45 ba, amma in ya ɗauki biro zai sa hannu a takarda, ko ya ɗauki kofin shayi, sai hannu ya kama rawa. Aka fara raɗe-raɗi a ofis, wasu na cewa yana shaye-shaye, wasu na cewa Parkinson ce, nan da shekara biyu sai an ajiye shi. Ya shiga ɓuya, ya daina cin abinci cikin mutane. Da muka je asibiti aka tambaye shi ko akwai mai irin wannan a gidansu, ya ce mahaifinsa da gwaggonsa, kuma dukansu sun haura 80 suna harkokinsu. Aka sa ya ajiye hannu a cinya, hannu ya kwanta lafiya lau. Aka sa ya yi tafiya, ya tafi garau. Karkarwar gado ce. An ba shi wata ƙwaya mai araha, an ce ya rage goro da shayi mai kauri, yana nan yana aikinsa, bara ma aka yi masa ƙarin girma.

To jama'a, me ya sa abu uku mabambanta haka suka yi kama? Ku ba ni dama in yi bayani da abin da na sani, wato ofis. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi mai duhun launi da ke samar da wani sinadari da ake kira dofamin. Ku ɗauke shi a matsayin masinja. Ofishin da ke yanke shawarar cewa a ɗaga ƙafa yana rubuta umurni, masinja ya ɗauki fayil ya kai ofishin da zai zartar. A cutar Parkinson masinjojin ne ke ƙarewa sannu a hankali, kuma alamu ba sa bayyana sai bayan rabinsu ko fiye sun tafi. Fayil na taruwa, aiki na nawa. Magani mai suna lebodofa, wanda wasu suka sani da sunan Sinemet, kamar ɗaukar masinjojin wucin gadi ne, shi ya sa mai wannan cuta ke samun sauƙi ƙwarai in ya sha. A ciwon Baba masinja na nan lafiyarsa lau, ƙwayar da yake sha ce ta kulle ƙofar ofishin da ake kai wa fayil, da aka buɗe ƙofa aiki ya ci gaba. A ciwon Kawu kuwa ofishin da zai karɓi fayil ɗin ne kansa ya lalace, ko masinja ɗari ka ɗauka ba inda za su ajiye. Daga waje, mai jiran fayil abu ɗaya yake gani, wato jinkiri.

Sunan cutar ya samo asali ne daga wani likitan birnin Landan, James Parkinson, wanda a 1817 ya rubuta bayanin mutum shida, wasunsu ma a titi kawai ya gan su. Bayan fiye da shekara 50 wani babban likitan Faransa, Charcot, ya laƙaba mata sunansa. A 1957 Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna muhimmancin dofamin ga motsin jiki, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2000, sannan a 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a ba da lebodofa ya yi aiki. Manyanmu za su tuna da zakaran dambe Muhammad Ali lokacin da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta hannunsa na rawa. A 1996 ne, shekarar da aka ƙirƙiro mana Jihar Zamfara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 masu cutar sun haura miliyan takwas da rabi, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25.

Yanzu ga yadda ita Parkinson ta ainihi take, kamar yadda likitoci suka koya mini. Abu na farko, ginshiƙinta nawar motsi ce, ba karkarwa ba, domin akwai masu ita da ba sa karkarwa ko kaɗan. Likita zai ce mutum ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, sai a ga motsin yana ƙanƙancewa yana mutuwa. Abu na biyu, da gefe ɗaya take farawa, ta daɗe a nan kafin ta haura, kuma gefen da ta fara ya kan ci gaba da fin ɗayan tsanani. Abu na uku, karkarwarta ta hutu ce. In hannu na ajiye a cinya sai a ga yatsu na motsi kamar mai jan carbi, da ya miƙa hannu zai ɗauki abu sai ta lafa. Bugu da ƙari rubutu na ƙanƙancewa, murya na yin ƙasa, hannu ɗaya ya daina lilo in ana tafiya. Sau da yawa shekaru kafin duk wannan, mutum ya daina jin ƙamshi, yana fama da taurin bayan gida, ko yana naushi da ihu cikin mafarki. Tana tafiya a hankali, kuma mai ita in ya samu magani da motsa jiki zai iya shekaru masu yawa yana harkokinsa.

Masu kama da ita kuwa, kowace akwai inda take tona kanta.

Wadda magani ke haddasawa ta kan kama gefe biyu lokaci guda, cikin makonni ko 'yan watanni da fara shan maganin. Magungunan da aka sani da haka sun haɗa da na amai da tashin zuciya irin su Maxolon da Plasil da Stemetil, da na jiri irin su Stugeron, da na taɓin hankali irin su Largactil da Haldol. Ba wai magungunan ba su da kyau ba ne, suna da ranarsu, daɗewa a kansu ba tare da sanin likita ba shi ne matsalar. Irin wanda Baba ya sha, tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a wuce kwana 5 ana shan sa. Sai dai ina jan kunne, wanda ke shan maganin taɓin hankali kada ya daina da kansa, ya koma wajen likitansa a canza masa. Har ila yau akwai wanda ko an daina maganin alamun ba sa gushewa, domin dama Parkinson na ɓoye, maganin ya fito da ita fili.

Karkarwar gado akasin Parkinson ce. Ita sai an tashi aiki take zuwa, wajen rubutu, ko shan fura da ludayi, ko zuba ruwa a buta. Hannu biyu take kamawa, wani lokaci har da kai da murya, rubutu ya zama manya-manya a karkace, amma babu nawa, babu sandarewa. Kafin a yanke cewa ita ce, likita kan duba ko ƙululun maƙogwaro na aiki fiye da ƙima, ko mutum na shan maganin asma, domin su ma suna kawo karkarwa.

Akwai wadda ke zuwa daga toshewar ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa, ga mai hawan jini ko ciwon suga da ba a kula da su ba, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. A misalinmu na ofis, hanyar da masinja ke bi ce ta karye. Ita daga ƙugu zuwa ƙasa ta fi kamawa. Hannuwa da fuska lafiya, amma ƙafafu kamar an manna su da ƙasa, mutum na tafiya a tale, taku gajere-gajere. Tsohon shugaban Amurka George Bush babba, na lokacin yaƙin Tekun Fasha, irinta ce ta zaunar da shi a keken marasa lafiya kafin rasuwarsa a 2018. Wannan ita ce ta fi shafarmu mu 'yan shekara talatin da wani abu, domin rigakafinta a hannunmu yake, a riƙa auna jini da suga tun yanzu.

Akwai kuma taruwar ruwa a cikin ƙwaƙwalwar dattijo, wadda wani likitan ƙasar Kolombiya, Salomon Hakim, ya bayyana a 1965. Alamunta uku ne a tare: tafiya ta lalace, fitsari na kuɓucewa, ga mantuwa. A gidajenmu wannan shi ake kira tsufa kai tsaye, a shimfiɗa wa tsoho leda a rufe ƙofa. Alhali hoton ƙwaƙwalwa na nuna ta, kuma wasu na samun sauƙi sosai in aka yi musu aikin sa siririn bututu mai janye ruwan.

Ta Kawu, wato PSP, likitoci uku ne a birnin Toronto na Kanada suka bayyana ta a 1964, Steele da Richardson da Olszewski. Alamarta faɗuwa da wuri, galibi ta baya, da kasa duban ƙasa, da sandarewar wuya, da shaƙewa wajen haɗiya. Mai Parkinson ta ainihi ba ya fara faɗuwa sai bayan shekaru, saboda haka duk wanda ya fara da faɗuwa a sake bincike. 'Yar'uwarta ita ce MSA, wadda ke taɓa ayyukan da jiki ke yi da kansa. Mutum ya miƙe daga zaune sai jini ya faɗi ya ga duhu ko ya suma, fitsari ya rikice, namiji ya rasa ƙarfinsa tun da wuri, wani kuma ya riƙa wani irin numfashi mai ƙara cikin barci. Su biyun nan lebodofa ba ya yi musu aikin kirki, kuma sun fi Parkinson sauri nesa ba kusa ba.

Wadda nake so iyayenmu mata su saurara da kyau ita ce mai haɗa nawar jiki da ruɗewa, wadda ake danganta ta da sunan likita Lewy. Tsoho zai ce ga yara nan zaune a bakin gado, ko ga awaki sun shigo ɗaki, yana ganinsu ƙuru-ƙuru, alhali ba kowa. Yau yana cikin hankalinsa, gobe ya ɓace. Mu a nan mun san sunan da za a ba wannan. Haɗarin shi ne, in aka ɗauke shi a matsayin mai taɓin hankali aka danna masa allurar kwantar da hankali irin ta da, jikinsa na iya sandarewa gaba ɗaya, har ta kai ga rasa rai. Duk tsohon da ke gane-gane kuma jikinsa ya yi nawa, a gaya wa likita duka biyun kafin a yi masa allura.

Daga ƙarshe, in yaro ne ko matashi ɗan ƙasa da 40 ya zo da karkarwa da sarƙewar harshe, musamman in ya taɓa ciwon hanta, likitoci kan nemi cutar Wilson, wadda jan ƙarfe ke taruwa a jiki, har akan ga zobe mai ruwan ƙasa a gefen ƙwayar ido. Tana da magani in an gano ta da wuri. Haka nan a gaya wa likita sana'ar majinyaci, domin tun 1837 aka san cewa shaƙar ƙurar wani ƙarfe mai suna manganis na kawo irin waɗannan alamu, abin da ya shafi masu walda da masu haƙar ma'adinai.

Kada wani ya ji wannan ya ce likitocinmu ne ba su iya ba. A 1992 wasu masana a Landan suka binciki ƙwaƙwalwar mutum 100 da suka rasu, waɗanda duk likitoci suka ce Parkinson ke damunsu. Guda 76 ne kawai aka tabbatar, sauran 24 wasu cututtuka ne, ciki har da irin ta Kawu. A Ingila ke nan. A nan gida ma, wani bincike da Dokta Lukman Owolabi da abokan aikinsa suka buga daga Kano a 2012 ya nuna cewa mafi yawan masu irin waɗannan alamu Parkinson ce, amma akwai wani kaso da ba ita ba ce. Dalilin wahalar shi ne, a asibitocin yau da kullum babu wani gwajin jini da zai ce ga ta. Hoton ƙwaƙwalwa ma na mai Parkinson yakan fito lafiya, ana yin sa ne don a kore sauran. Abin da likita ke dogara da shi ukun nan ne: labarin yadda ciwo ya fara, abin da ya gani da idonsa, da yadda jiki ya karɓi magani cikin watanni. Biyu daga cikin ukun a bakin iyali suke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu Zamfarawa mun taɓa biyan wannan darasi da tsada. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara suka riƙa suma da jijjiga suna mutuwa, aka yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro domin alamun sun yi kama. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da hukumomin lafiya suka bincika aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinari da ake niƙawa cikin gidaje. An rasa yara fiye da 400. Tambayar da ta buɗe bakin zaren ita ce, me ake yi a gidan nan? Irinta ce likitan Sakkwato ya yi wa Inna game da ledarta.

Na yi alkawarin faɗin amfanin da sanin sunan ciwon Kawu ya yi mana. Na ɗaya, an daina sayar da kadara don sayen maganin da ba ya yi masa aiki. Na biyu, mun daina ganin laifinsa, shi ma ya huta da zargin girman kai. Aka riƙa ɗora masa kwano a kan tebur daidai ƙirjinsa, aka kaurara masa kunu domin ruwa tsululu ya fi shaƙe shi, ba a ba shi abinci sai yana zaune sosai, kuma duk inda za shi akwai mai tafiya a bayansa, ba a gabansa ba. Na uku, likita ya gaya wa 'ya'yansa gaskiya cewa magana za ta yi masa wuya nan gaba, saboda haka ya samu ya faɗi bashin da ke kansa da wanda yake bi, ya yi wasiyyarsa da bakinsa. Addu'a kuwa ba mu taɓa dainawa ba, kuma ba wani likita da ya ce mu daina.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowa ya tafi da shi gida. In ka ga alama a jikin iyaye ko malami, sayi littafi ka riƙa rubutawa. Yaushe abin ya fara, kuma ta wane gefe? Karkarwar tana zuwa in hannu na hutawa ne ko in ana aiki? Ya faɗi, sau nawa, ta gaba ko ta baya? Yana iya tashi daga zaman tahiya ba tare da an kama shi ba? Yaya fitsari, barci, haɗiya da tunani? Ɗauki tafiyarsa da karkarwarsa a wayarka, domin ciwo ya kan ɓuya a gaban likita. Ranar zuwa asibiti a kwashe duk wani magani da ke ɗakin, na asibiti da na kemis da na gargajiya, a tafi da wanda ke kwana kusa da majinyaci, ba wanda ke biyan kuɗi kaɗai ba. In an ɗora shi kan lebodofa a rubuta canjin da aka gani, kuma kada a tsayar da shi rana ɗaya kwatsam, yin haka na da haɗari. Sannan ƙwayar nan da aka ba Baba ta rikita shi, ita ce wadda ake kira Artane ko Exol, wadda abin takaici wasu ƙannenmu ke sha don maye. Tana rage karkarwa ga masu ƙananan shekaru, amma ga dattijo tana kawo ruɗewa da riƙewar fitsari, kada a saya wa tsoho ita don an ga hannunsa na rawa.

A fara da abin da ke kusa, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a nan Gusau, in abin ya ƙi fahimtuwa a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Malam Aminu Kano. Na san halin da hanyoyinmu suke ciki, wanda ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa a shekarun nan ba ya bukatar a gaya masa. Wannan ne ma ya sa bai kamata a yi tafiyar a banza ba, a je da littafi, da leda, da mai ba da labari.

Ga ƙungiya kuma ina da shawara biyu, mai girma shugaba. Ta farko, a ware wani abu daga asusun taimakon juna don kuɗin mota da na ganin ƙwararren likita ga tsofaffin malamanmu da suka yi ritaya. Ba zan ambaci suna ba, amma da yawanmu mun lura a taron bara cewa akwai hannun da ya koya mana riƙe alƙalami wanda yanzu ba ya iya riƙe kofi, kuma har yau ba wanda ya tambaya wace iri ce daga cikin waɗanda na lissafa. Mai yiwuwa mai sauƙin ce. Ta biyu, ranar 11 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya. Ina roƙon likitocin cikinmu su ba mu yini guda a makon, a harabar makaranta, su auna wa malamai da iyaye jini da suga, su kuma duba ledojin magungunansu. Ni na ɗauki nauyin rubuta takardu da neman izini, wannan kam aikina ne.

Iyayenmu malamai, ku kuka koya mana cewa kafin a amsa tambaya a karanta ta sau biyu. In na yi kuskure a wannan bayani ku yafe mini, likitoci kuma su gyara. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya maimaita mana na baɗi.